Masu Tsintar Abin da Bai Ɓata Ba

Da an gama yankan dawa a Ajingi, kowane zaure sai ya koma masana'antar yara. Ba abin mamaki ba ne, tunda tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka bi tama har Dala, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai jikokin nan, kayan aikinsu duk na tsintuwa ne, kuma yawanci sukan tsince su tun kafin su ɓata.

Akwai Injiniya. Shi ne mai motar kara: ya fere ɓawo da reza, ya soke totuwa, yatsunsa duk yanka, harshe a waje. Ƙafafun mota kuwa sai silifas. Baba zai fito alwalar la'asar ya tarar da takalminsa da ramuka huɗu, kowanne zagayayye kamar da awo. A tambayi Injiniya, ya ce: "Wallahi a bola na tsinta." Gaskiyarsa, shi ya fara jefa shi bolar.

Sai Matuƙin Jirgi, ɗan firamaren da ke cire tsakiyar littafi yana naɗa jirgi. Littafin da aka saya mai shafi 60, kafin hutu ya zama bango biyu da ƙusa. Jiragensa ba su taɓa wuce katangar maƙwabta ba, amma a bakinsa kullum Jidda za su.

Uwar Biki ta fi su tsada. 'Yar tsanarta ta kara ce, amma zanen daga gefen atamfar sallar yaya aka yanko, gashin kuma zaren hular da Inna ke ɗinkawa. Ta aurar da ita ga ɗan tsanar gidan maƙwabta, a yi jere da marfin kwalba, a yi faɗa kan gara, har iyaye mata su daina gaisawa kwana uku.

Shi kuwa Ɗan Duba-gari ko tsinke bai taɓa sokawa ba. Hannu a baya: "Ai motar da na gani a Toranke har fitila gare ta."

Na ƙarshe Kaka. Ba ta san fasaha ba, ta san makamashi. Da asuba ta laluba tsakar gida, ta ci karo da tirelar da aka yi kwana biyar ana haɗawa, ta karya ta gida biyu ta tura murhu. Injiniya ya sha kokon yana kuka, ya kuma miƙa kwano a ƙara masa.