Ciniki Tsakanin Manhajoji

A 2017 masu bincike na Facebook suka sa manhajoji ciniki kan rabon littattafai, huluna da ƙwallaye. Ba wanda ya rubuta musu dokar yaudara, amma sai ga manhaja tana nacewa kan kayan da ba ta so, don daga baya ta yi kamar ta haƙura, ta kwashi wanda take hari. Dillalin Kantin Kwari ma sai ya sara mata.

Su kuwa masu tsara dokokin manɗiƙi da harsunan kwamfuta irin su Prolog, wanda aka ƙirƙira a Marseille a 1972, suna ta lissafin yadda manhaja za ta gane ana shirga mata ƙarya. Prolog dama ba ya wahalar da kansa: duk abin da ya kasa tabbatarwa, ƙarya ne a wurinsa, ko da an rantse masa.