Jauro, Ina Ka Kai Lanƙwasar Ɗansoshiya?

Jauro bawana, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ya shanu, ya sauro, ya kuma rowa? Saƙonka ya same ni da la'asar ina tsaka da shan shayi, sai da na ƙware. Ga abin da ka rubuto, ban ƙara ko ɗigo ba: "Na sayi kasa a Dansoshiya. Jibi zan yi baki, ka zo da wuri."

Sau uku na karanta. Na san Bafulatani da sayen abin mamaki ranar kasuwa, tun daga tabarau mai ruwan bakan gizo har agogon da ba ya tafiya, amma kasa? Macijiyar nan mai barcin asara? Na ce to, wataƙila kiwon shanu ya gundure ka. Bakin kuma wa za ka yi wa, har kake gayyata ta in zo da wuri? Sai da shayin ya huce na gane ƙasa ka saya, baƙi kuma za ka yi. Ko sunan dajin naku ba ka ƙyale ba, ka fizge masa lanƙwasa ka bar shi kamar gundumin sa. Tun da gwamnatin Ganduje ta buɗe muku rugar zamani a wannan daji na Kiru a 2020 jaridun Turanci suke rubuta shi da D tsirara. Su an yafe musu, ba su sani ba. Kai fa?

Da na kira ka ka ce laifin waya ne. Kullum laifin waya ne. To yau ni zan tsaya wa baiwar Allahn nan lauya, don na ga marainiya ce a hannunka.

Wayarka, da na'urar yaron POS, da kwamfutar banki, duk abu biyu tak suka sani a duniya: akwai wuta, babu wuta. Ɗaya da sifiri. Kada ka raina su, sun ma fi ka, tunda kai amsa ɗaya gare ka in an zo rance. Yadda suke ƙirga da abu biyun nan kuwa, leƙa bayan bukkarka ka dubi dangwalin da kake ɗaure maruƙa da yamma. Kowane zarge ko dai da maraƙi a ciki ko babu. Yanzu ka ba kowane zarge daraja, kana farawa daga dama: na farko 1, na biyu 2, na uku 4, sai 8, sai 16, sai 32, kowanne ninkin na bayansa. Inda ka ga maraƙi ka rubuta 1 ka ɗauki darajarsa, inda babu ka rubuta 0 ka wuce. Shi ke nan karatun. Masu kwamfuta suna kiran zarge ɗaya bit, dangwali mai zarge takwas kuma bayit, wanda ke ƙirgawa daga 0 zuwa 255. Da wannan dabarar yatsun hannunka goma za su kai ka 1023, ka ga ka huta da tara tsakuwa a aljihu.

Mu gwada da shanunka. Na san ba a tambayar Bafulatani yawan dukiyarsa, sai ya fara tari yana kallon gabas. Amma shekara nawa muna tare, duk sanda aka zo maganar zakka sai in ji shanunka 29 ne. Nisabi 30, naka 29. Suna haihuwa, ana yaye, damina ta wuce rani ya shigo, suna nan a 29 kamar an kafa musu ƙusa. Wasa nake, na san kana fitarwa, ni ne dai Allah bai taɓa nufa na gani ba. To 29 ɗin nan ita ce 16 da 8 da 4 da 1, a dangwali mai zarge shida sai a rubuta 011101. Riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta.

Haruffa fa? Ita na'ura ba ta san harafi ba, lamba aka raɗa wa kowanne. A 1963 Amurkawa suka fitar da jadawalin da ake kira ASCII, mai zarge bakwai, gurbi 128. A ta sami 65, D ta sami 68, ƙaramar d kuma daga baya ta sami 100, wato tsakanin babban baƙi da ƙaraminsa maraƙi ɗaya ne a zargen 32. Sun ba kowane harafin Turanci gurbi, sun ba alamar dalarsu, suka rufe ƙofa. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, alhali tun shekarun 1930 ake buga Hausa da su a Zariya. Ba mugunta ba ce, wanda ya yanka sa don gidansa ba ya lissafi da mutanen wani gari. Haka aka yi shekaru masu buga tafireta suna bin takarda da biro suna saka lanƙwasa da hannu.

Sai a 1991 aka zo da Unicode, babban jadawalin da ya yi niyyar bai wa kowane harafi na kowace al'umma lambarsa. A can Ɗ ɗin Ɗansoshiya take zaune a gida mai lamba 394, ƙ a 409, ɓ a 595, ɗ a 599. Kuma kafin ka ce kayan Hausawa ne ba ruwanka, Fulatancinka ma da ɓ da ɗ da ƴ ake rubuta shi. Kai har rubutun Adlam, wanda wasu 'yan uwanka biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro a Gini a 1989 suna yara, an shigar da shi a 2016. Ka ga a danginku ma akwai masu kai, rabon ne bai biyo ta Kiru ba. Na san me za ka ce, mu Barebari muna da wata e da ke tafiya ƙafa a sama. Ƙwarai, ǝ ce, tana ciki ita ma, kuma ba mu taɓa yar da ita a hanya ba.

Matsalar ita ce 394 ta fi ƙarfin dangwali ɗaya, tunda shi a 255 ya tsaya. Dole a haɗa biyu. Tsarin da ake kira UTF-8, na Ken Thompson da Rob Pike a 1992, shi ya koya wa na'ura ta gane cewa waɗannan dangwalaye biyu harafi ɗaya ne. In aka yi rashin sa'a saƙo ya faɗa hannun tsohuwar manhaja da ba ta san zancen ba, sai ta karanta kowanne daban, garinku ya fito ÆŠansoshiya, ƙasa ta koma Æ™asa. Ka tuna ranar da ka ga irin wannan a takarda ka ce aljanun dajin Falgore ne suka shiga injin? Babu aljani ko ɗaya, lamba ce aka karanta da jadawalin da ba nata ba.

Amma ni na san ainihin dalilinka, kuma ba jahilci ba ne. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160 in duk na jadawalin waya ne na asali. Da ka saka ƙ guda ɗaya, sai wayar ta koma tsarin da kowane harafi ke cin zarge 16, saƙon ya tsuke ya koma 70. Abin da za ka aika a shafi ɗaya sai ya zama biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa. Wani ɗan jikanka ya raɗa maka wannan, tun ranar ka yi wa lanƙwasa saki uku. Mutumin da ke da shanu 29 (ka ji na ce 29) yana tsimin kuɗin tes! Gara a ce ka sayi maciji da a cire maka 'yan nairori.

Mu koma kan 011101. A hanya tsakanin wayarka da ƙarfen sabis abubuwa na faruwa: hadari, tsawa, raunin sabis irin na bayan Tudun Wada. Sifiri kan rikiɗe ya zama ɗaya. A ce na farkon nan daga hagu ne ya juye, 011101 ta koma 111101. Jauro, shanunka sun zama 61, malamai sun taso da igiya. Maganin da aka fara samowa mai sauƙi ne, irin cankar cika ko mara da yara ke yi. Mai aikawa zai ƙirga ɗaya nawa ne a layin, ya ƙara zarge guda a wutsiya don adadin ya zama cika, wato ya rabu biyu ba saura. A 011101 ɗaya huɗu ne, cika ce, sai a liƙa 0. In ta isa can aka ƙirga aka ga biyar, an san an yi ɓarna a hanya, sai a ce a sake aikowa. Ɗan zargen nan na wutsiya ba ya ɗauke da saƙon komai, aikinsa na yaron da ke bin bayan garke ne.

Sai dai yaron yana da makanta. In biyu suka juye tare, lissafi ya koma cika, shi kuwa ya yi ta fito abinsa. Dubi 30: 011110 ce. Ɗaya nawa? Huɗu, daidai da na 29. Wato in 30 ta rikiɗe ta zama 29 a hanya, yaron ba zai ce uffan ba. Da na gano wannan sai na ajiye biro na yi shiru. Ashe ba banza ka zaɓi lambar nan ba. Wa ya koya maka?

Za ka rama, na sani. Za ka ce ai Barebari sun daɗe da wannan lissafi a faifan yashi. Allah ya shirye ka. Ni ba na bugun ƙasa kuma ba na tallarsa, amma tunda ka tono, gaskiya ne siffofinsu 16 ne, kowace layi huɗu, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu. Ɗigon gida na 15 kuma dole jimillarsa ta fito cika, in ta fito mara mai bugun ya san ya yi kuskure, sai ya share yashi ya sake. Lissafin daidai yake, abin da ake ɗorawa a kansa ne babu ruwana.

Wanda ya ga makantar yaron nan ya ƙi haƙura shi ne Richard Hamming na Bell Labs a Amurka. Yakan bar wa injin aiki ranar Juma'a, ya dawo Litinin ya tarar ya ci karo da kuskure ya watsar da aikin. Ya ce injin da ya iya gane an yi kuskure, me zai hana shi gane inda aka yi? A 1950 ya wallafa dabararsa. Kwatancinta a rugarka: jera dangwalaye layi-layi, ka sa yaro a ƙarshen kowane layi a kwance, wani a ƙarshen kowane layi a tsaye. In na layi na uku ya yi ihu, na jeri na biyu ma ya yi, to inda suka gicciye nan ɓarnar take, sai a juya zargen a wuce, ba sai an sake aike ba. Tasa ta fi wannan tsimin yara, amma jininsu ɗaya.

Ka ma taɓa cin moriyar irin wannan, ka saka da zagi. Ranar da ka sayar da bijimi a Kwanar Ɗangora, ka zaro wata takarda daga cikin malafa, gumi ya jiƙa ta ta yi laushi kamar ganyen rama, kana karanta wa yaron POS lambar asusunka. Sau uku injin yana ƙi. Ka ɗaga sanda ka ce yaron ɓarawo ne, ka ce injin na Barebari ne. Ashe 7 ce ta koɗe kake karanta ta 1. Lambar asusun nan mai guda goma, wadda Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarinta a 2010, tara ne kawai na asusun, ta goman makiyayi ce. Ana jera lambar banki da taran nan, a ninka su da 3, 7, 3, 3, 7, 3 har ƙarshe, a tara, sai a zaɓi ta goman yadda jimilla za ta ƙare da sifiri. Canza lamba ɗaya, ko wacce, jimillar ta goce. Lambar ƙarshe ta katin ATM ɗinka ma aikinta ke nan, da lissafin wani Hans Peter Luhn na kamfanin IBM tun 1954. Ba don wannan wutsiyar ba, da wataƙila kuɗin bijiminka suna can wani yana shan tsire da su, ni kuma da na sha kuka har Doguwa.

Amma kada ka saki jiki. Ka lura a jerin akwai inda 3 ke bin 3. In ka musanya lambobi biyu a daidai nan, jimilla ba ta motsi. Asusun kuwa da lambarsa lambar waya ce aka cire sifirin gaba, shi ba shi da makiyayi a wutsiya sam. Don haka in yaron ya juyo maka da fuskar injin ya ce "Baffa, duba suna," ka daina cewa "tura kawai" don kada a gane tabaran naka na ado ne. Ka sa ya karanta maka da ƙarfi.

Jibi ina tafe, in Allah ya yarda, tunda dai baƙi ne ba baki ba. Zan zo da ɗana ya saka maka allon rubutun Hausa a wayar, kyauta, don na san in da kuɗi ne ba za a yi ba. Kai kuma ka tanadi kindirmo wanda ba a yi masa wanka ba, da kuɗin sharata na bara da na bana. Kuma ka ce wa yara kada su kora shanu daji da wuri, ni zan ƙirga su da kaina.