Adashi Marar Uwa

A da, idan kana kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ka ji an ce "ta fashe", sai ka waiwaya ka duba ko tayar tirelar shanu ce, ko ƙwaryar nonon wata ce ta suɓuce. Yanzu idan kalmar ta fito daga bakin saurayi, albishir ne: wani kuɗin da ke cikin waya ya yi farashi. Mu a gidanmu in abu ya fashe salati ake yi. 'Yan kirifto kuwa sai ta fashe suke yanka kaza.

Ɗan ƙanwata yana cikinsu dumu-dumu. Makon jiya ya tare ni a teburin mai shayi kusa da tasha, ya dube ni da irin tausayin da ake wa mai ciwon da bai san yana da shi ba, ya ce, "Kawu, kai fa har yau a zamanin takarda kake."

Na ce, "Takardar ce dai za ta biya shayin da kake sha."

Bai kula ba. Ya tambaye ni ko na san adashi. Na ce na san shi, shi ma ya san ni, don sau biyu uwar adashi tana tafiya ganin gida a daidai makon ɗaukata. Ya ce to wannan adashi ne marar uwa. Littafin da ake rubuta wa ya zuba, wa ya ɗauka, ba a ƙarƙashin katifar mace ɗaya yake ba. Dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowace na riƙe da kwafinsa, kuma ba a ƙara layi sai sun yi ittifaƙi. Mai son goge sunansa daga bashi sai ya rinjayi mafi yawansu a lokaci guda, abin da ya fi satar raƙumi a tsakiyar kara wuya. Bitcoin, in ji shi, ya fara aiki a 2009, an kuma ƙayyade ba zai wuce miliyan 21 ba, ko sarki ya roƙa ko gwamna ya yi fushi. Wanda ya ƙirƙiro shi ya kira kansa Satoshi Nakamoto, ya yi aikinsa ya ɓace, har yau ba a san fuskarsa ba.

Nan ne na tabbatar mutumin ba ɗan ƙasar nan ba ne. A ce ka ƙirƙiro kuɗi sukutum, amma ba fosta, ba maroƙi, ba ka nemi ko ƙaramar sarauta ba? Da namu ne, da tuni an kira taron walima an ba shi lambar yabo, an kuma sa masa ranar tsayawa takara.

Ina yi wa yaron dariya, amma ba zan ce ba shi da hujja ba. Duk wanda ya ci kasuwar nan a farkon 2023 ya san abin da ya kora samari cikin waya. Babban Banki ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin suka ƙi fitowa. Mutum da kuɗinsa, halak malak, ya koma sayen naira da naira a wajen mai POS. Na ga Bafulatani ya sayar da bijimi, an nuna masa saƙo a fuskar waya an ce ga kuɗinka nan sun shiga, shi kuwa ko asusu ba shi da shi, sai na wani yaro da ya ara. Ya riƙe igiyar da hannu biyu ya ce shi ba ya sakin sa saboda rubutu. Ni kaina na wuni a layin wani banki daga hantsi har la'asar, aka leƙo ta taga aka ce mana sabis ya ɗauke. Wani dattijo a bayana ya tambaya, cikin ladabi, ko ina ya ɗauke ya tafi, don a bi shi.

Ga kuma iyaka. Daga nan zuwa Kwangwalam ba nisa, ka tsallaka kana Nijar, inda rabin surukanmu suke. An rufe iyakar a Agustan 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma kowane karo mutumin Mai'adua ne ke kwana da yunwar rigimar da aka ƙulla a Abuja da Yamai. Sannan naira ta yi ta rama kamar akuyar rani: dalar Amurka da ba ta kai 500 ba a farashin gwamnati kafin tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa, da yake an ɗaure ta a turken yuro, ta tsaya tana kallonmu. To ka zo wa yaron da ya ga wannan duka da labarin kuɗin da ba a rufe masa iyaka, ba ya hutun Asabar da Lahadi, ba gwamnan bankin da zai tashi da safe ya canza masa launi. Ko ni sai da na gyara zama.

Hukuma ta gwada nata. A Fabrairun 2021 aka hana bankuna taɓa harkar kirifto, a Oktoba kuma Shugaba Buhari, ɗan masarautar nan tamu, ya ƙaddamar da eNaira. An ƙwace wa yaro tsire an miƙa masa tsinken. Na zaga kara da rumfunan 'yan hatsi ina tambaya, ban dace da wanda ya taɓa sayen ko ƙullin gishiri da ita ba. Hanin ma a Disambar 2023 aka janye shi.

Sai dai duk wannan bayanin na gaban mutane ne. Ainihin abin da ke jan mutanenmu, wanda ba a faɗa a majalisa, shi ne dangi. Saniya ba ta ɓoyuwa. Ka sayo ta da dare, da asuba ta yi kuka, kafin hantsi gwaggo ta aiko a gaishe ka, a kuma tuna maka bikin 'yarta saura wata guda. Ka sa sabon kwano a ɗaki, rana ta haska shi har ƙauyen kakanninka. Ka sayi babur, ka zama motar asibitin unguwa. Amma dukiyar da ke cikin waya ba ta kuka, ba ta kashi, ba ta ƙyalli. Mutum na iya zama a kan tabarma da tsohuwar riga yana rantsuwa ko sisi ba ya magani, kuma a zahiri bai yi ƙarya ba, don sisin ba ya aljihunsa. Tun da aka fara tara abin duniya Bahaushe ke neman irin wannan rumbu.

Ya samu, kuma ya kasa riƙewa. Domin arzikin da ba a gani ba, a wajenmu, ai bai cika arziki ba. Yaron da ya gama yi mini wa'azin sirri, shi ne daren nan ya ɗauki hoton asusunsa ya ɗora a WhatsApp, ya rufe lamba ɗaya da ɗan zanen wuta don a yi ta hasashe, ya rubuta godiya ga Allah a ƙasa. Kafin sallar asuba gwaggon nan dai ta gani. Ita ma tana da waya.

A teburin shayin ma sai da ya ɗaga murya ya ce yanzu haka yana da dala ɗari biyu a ajiye. Wani baƙo daga wajen Matamaye da ke gefe ya ajiye kofi ya ce, "Dala metan? Ai jika guda ke nan, yaro. Ita ce kake wa wannan fankama?" A lissafinsu na can, dala sefa biyar ce. Aka yi ta fama kafin a raba dalar Amurka da ta Damagaram.

Waɗannan ma masu ɗan jari ke nan. Akasarin 'yan baiwa, kamar yadda suke kiran kansu, jarinsu babban yatsa ne. Bayan Notcoin ta fashe a Mayun 2024 wasu suka ɗan samu, sai gari ya ɗauka. Aka shiga dangwalar Hamster Kombat, wani ɓera mai ƙaton kumatu da aka ce shugaban kamfani ne. Mu da muke sa wa ɓera tarko a rumbu, sai ga magidanta suna yi masa hidima dare da rana, a kan babur, a layin awo, har a zaman makoki an ga mai hannu cikin aljihu yana motsi, ba kuwa carbi yake ja ba. Da aka raba abin a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin cajin waya ba. 'Yan Pi kuwa tun 2019 suke latsawa kullum, wasunsu sun yi imani ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, har ana cinikin mota da baki. Ta shiga kasuwa a Fabrairun 2025 a kan 'yan daloli ƙalilan. Masu imanin ba su karaya ba, sun ce wannan ba ita ce fashewar gaskiya ba, ta gaskiyar tana tafe.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda masu gudun uwar adashi suka bi dare suka naɗa wata. Kowane yaro yana da "oga" a Telegram da ke gaya masa yaushe zai saya, yaushe zai sayar, ana kuma biyan ogan kuɗin shiga aji. Kasuwar da suka fi ciniki a ciki, Binance, kamfani ce mai shugabanni, shi ya sa da gwamnati ta tsare jami'anta biyu a Fabrairun 2024, cikin Maris ta daina karɓar naira. USDT da suke ɓuya a cikinta don tsoron faɗuwar naira, kamfanin Tether ne ke fitar da ita, yana kuma iya daskarar da asusu. Ga waɗanda suka kwashi kuɗi suka kai wa CBEX don an ce za a ninka musu cikin wata guda, ta rufe a Afrilun 2025, kamar dai ba a taɓa yin MMM a 2016 ba. Uwar adashin unguwa in ta gudu, aƙalla an san gidan ubanta.

Na kai yaron wajen wani tsohon dillali a kara, mutumin da ya shekara arba'in yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ana ɗora shanu zuwa Legas a kan kalmarsa kawai. Ya saurari bayanin har ƙarshe yana tauna goro, sannan ya ce, "Ɗana, na ji babu dillali, babu la'ada. Madalla. To in na tura kuɗin suka faɗa hannun da ba shi ba, wa zan kama?"

"Ba kowa, Baba. In ta tafi ta tafi."

"Mai unguwa fa?"

"Ba ruwansa."

"Ba wanda za a je a ba haƙuri, ko a haɗa shi da Allah?"

"Kwamfuta ce, Baba."

Tsohon ya tofar da goro ya ce shi bai taɓa jin kasuwar da ba a cewa "don Allah" a cikinta ba. Ya kuma tambaya, in mai dukiyar ya rasu, yaya malamai za su raba gado? Yaron ya ce akwai kalmomi goma sha biyu na Turanci, su ne makulli. Wanda ya riƙe su ya riƙe dukiyar, in sun ɓata ko Satoshi ba zai iya buɗewa ba.

A hanyar gida na tambaye shi ina ya ajiye nasa kalmomin, tunda na san shi da mantuwa, ko lambar wayarsa sai ya duba. Ya ɗan yi jim, ya ce ya rubuta a takarda, ya naɗe a leda, ya ba mahaifiyarsa ta sa masa a ƙasan kwalla, inda take ajiye littafinta.

Ƙanwar tawa ita ce uwar adashin unguwarsu.

Da muka iso ƙofar gida ya rage murya ya ce, "Kawu, ko da ɗari biyar a jikinka? Datata ta ƙare, kuma yau ake sa ran za ta fashe."