Zuwa ga Sarkin Ruwan da Ba a Naɗa Ba

Taubashi, saƙonka ya iso, har da hoton. Na ga kwalekwalen, na ga gorar da ka kafa a tsakiyarsa, na kuma ga tsumman da ke reto a samanta, wanda ka ce kafin hadarin makon jiya shi ne filafilin jirginka, wato zanen da iska ke turawa jirgi ya tafi. Allah ya kiyaye gaba. Inda na kasa fahimta shi ne layin ƙarshe, da ka ce tunda watan cika-ciki ya ƙarato, in haɗa maka kuɗin sharar bana da na baɗi da na baɗin baɗaɗa, ka yi odar sabon filafili daga ƙasar waje. Ɗan mace ke nan, ba ya raina aljihun ubangidansa. Tun kaka da kakanni kuɗin shara na goro ne. Ban taɓa jin wanda aka biya da dala ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Na san inda cutar ta kama ka. Tun da ka raka motar albasa Legas, ka hango fararen jirage na yawo a ruwa kusa da gadar shiga Victoria Island, ba ka sake zama lafiya ba. Waɗancan na 'yan Lagos Yacht Club ne, kulob ɗin da aka kafa tun 1932, kuma masu su ba kifi suke nema ba, iska suke sha. Abin haushin shi ne a wannan ruwan dai akwai masunta da ke tafiya da filafilin buhunan shinkafa da aka faffarke aka haɗa da ɗinki, suna zuwa aiki suna dawowa. Idonka ya tsallake su ya faɗa kan na masu kuɗi. Dama haka kake tun muna yara, in an ajiye tuwo hannunka kan malmalar da ba taka ba yake sauka.

Bari mu yi lissafi, tunda a makaranta ma ni nake yi maka. Ƙaramin jirgi mai tsawon mita 7, babban filafilinsa yakan kai wajen murabba'in mita 10. In a atamfa ne, turmi biyu ya isa har a yi ragowar ɗankwali. Amma masu ɗinkin filafili a Amurka ko Ingila za su nemi abin da ya kama daga dala 1,000 zuwa 2,000, gwargwadon kaurin yadin da ƙarin aikin da ka zaɓa. A 2024 da dala ta haura naira 1,500, ƙaramin farashin ma ya kai naira miliyan ɗaya da rabi. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara na wata 21 bai ci bai sha ba, kuma da saura. Ba a sa kuɗin jirgin sama ba, ba a sa na kwastan ba, ba a sa na motar da za ta ɗauko shi daga Legas ta biyo Funtuwa da Gusau ta sauke a Mafara ba. Kwalekwalenka da komarka da kalli da babur ɗin da kake hawa zuwa bakin ruwa, a haɗa su a kai kasuwa ranar Talata, ina shakkar su biya rabi. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Za ka ce cuta ce, ƙyalle dai ƙyalle ne. Ba haka ba ne, kuma nan ne ya kamata ka natsu. Yadin da suke amfani da shi ana ce masa Dacron, zaren roba ne da kamfanin DuPont ya fito da shi kasuwa a shekarun 1950. Ana saƙa shi da matsi sosai, a bi shi da zafi da wani irin ƙaro, don kada ya miƙe in iska ta danne shi. To amma ba yadin kaɗai ke cin kuɗin ba, yanka ne. Filafili ba shimfiɗaɗɗen zane ba ne. Falle-falle ake yanka shi, kowane falle da ɗan lanƙwasa a gefensa, ta yadda in an haɗa su sai zanen ya yi ciki daidai gwargwado, irin na fiffiken jirgin sama. Wannan cikin shi ke sa iska ta ja jirgi gaba ko da ba daga baya take busowa ba. In cikin ya yi yawa jirgi ya riƙa kwanciya gefe, in ya yi kaɗan ya rasa ƙarfi. Sai a ninka kusurwoyi uku da yadi kashi-kashi, a buga zobban ƙarfe, a yi aljihunan da ake zura siraran sanduna don bakin baya ya tsaya, a jera ramukan da ake ɗaurewa a rage girman zanen in iska ta haukace. Kowane ɗaya da kuɗinsa. Ɗinkin ma ba miƙaƙƙe ba ne, mai karkace-karkace ake yi, da zaren da ke jure rana. Saboda tsadar hannun ma'aikata ne ma manyan kamfanoni irin su North Sails suke ɗinka da yawa daga cikin nasu a Siri Lanka.

Ga kuma wani tarko. Ba a tsinto filafili a kanti a ce a ba ni lamba kaza. Kai za ka auna tsawon gorar da tsawon sandar ƙasa da bakin baya, ka tura musu, su yanka a kan awonka. In ka yi kuskure, naka ne, ba sa karɓar mayarwa. Kai da ka auna ƙofar ɗakin amaryarka da taƙi, aka kawo gado ya ƙi shiga sai da aka fasa bango, kai ne za ka tura wa Bature awo?

Mu ƙaddara ma ya iso lafiya. Babban abokin gabar filafili rana ce. Tana cin zaren ɗinki kafin ta ci yadin, shi ya sa masu shi ke naɗe shi su rufe da riga duk lokacin da suka sauka. Da irin wannan kulawa yakan kai shekara goma. Yanzu ka tuna ranar Maradun a watan Afrilu, ka tuna ƙurar hunturu, ka tuna ɓerayen rumbunka, sannan ka tuna kai ne mutumin da ya bar bargonsa kan danga tun daga sanyi har shuka.

Amma duk wannan ƙaramin zance ne. Babban shi ne jirginka ba jirgin filafili ba ne. Waɗanda ka gani a Legas, akwai wani faffaɗan katako ko ƙarfe da ke nutse a ƙarƙashinsu. Shi ke riƙe ruwa ya hana jirgi zamewa gefe, a manyansu kuma nauyinsa ke hana kifewa. Da shi da abin juya akala na baya ne suke iya tafiya a karkace suna cin gaban iska. Naka kuwa gindinsa sumul yake. Duk inda iska ta nufa can za ka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, za ta kai ka gaɓar da take so cikin daɗi, kana zaune kana taunar goro. Dawowa fa? Sai dai ka sauke zanen ka ɗauki gorar tuƙi, ko ka yi zamanka can har damina ta juyo da iska daga kudu maso yamma. Ka tafi a Nuwamba ka dawo a Mayu. Ita kuma damina ba ta zuwa ita kaɗai, da hadarin gabas take tafe, wanda ke faɗowa kafin mutum ya gama kwance ƙulli ɗaya. Ka riga ka gaisa da shi, shaidar tana cikin hoton.

In ka ce za ka sa wa naka wancan katako na ƙasa, to ka tuna a kan me ruwan nan ya kwanta. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar Bakolori a 1978 a kan gulbin Sakkwato, aka tare ruwan da ya kai kubik mita miliyan 450, ya malale hekta wajen 8,000 na gonaki da itatuwa da gidajen mutane. Dubban jama'a aka tasa, da yawansu daga ƙasar Maradun, kuma ka fi ni sanin abin da ya faru a watan Afrilun 1980, da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka masu yawa. Nan babu wasa, Allah ya jiƙan su. Abin da nake nufi, tafkin ba don yawon shan iska aka yi shi ba, don a ba shinkafa da alkama ruwa ne a filayen Mafara da Bakura. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, kututture da tudun laka suna nan suna jiran duk abin da ya leƙo ƙarƙashin jirgi. Sarkawan da suka gaji ruwa ba jahilci ya hana su kafa irin wannan filafili ba.

Akwai kuma halin da ake ciki. A lokacin da mutanen ƙauyukanku ke rage hasken fitila da dare, kai kana son ɗaga farin zane ƙal da za a hango daga nisan tafiyar awa guda, wanda ke shelar cewa mai jirgin nan yana da miliyan biyu ta banza. Ko 'yan kamfe ba su yi maka wannan talla ba.

Na ji kana kafa hujja da cewa gado ne, wai kakanninmu da jirgin iska suka yi aikin hajji. Gaskiya ne alhazan da suka bi ƙasa ta Sudan sun riƙa tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda a jiragen filafili. Sai dai fasinjoji ne, taubashi. Kuɗin mota suka biya suka zauna suna salati, ba su ne ke jan igiya ba. Ka kuma ce ai ɗan garinku Bello Matawalle ya zama ƙaramin ministan tsaro a 2023, sojan ruwa ma a ma'aikatarsu suke. To sai me? Bakura ta ba Zamfara gwamna a 1999, Mafara ta bayar a 2011, Maradun ta bayar a 2019, kuma ba mu ji wanda ya isa Gusau da filafili a cikinsu ba. Sarkin Kayan Maradun ma bai aiko a auna kanka don rawanin Sarkin Ruwa ba, na tambaya.

Wuri ɗaya zan ba ka gaskiya, ka rubuta ranar don ba za ta maimaitu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta je ta taɓa 1,000, mai injin jirgi yana ƙona ribar kifinsa kafin ya jefa koma. Iska kuwa ba ta da tallafi balle a cire. Saboda haka tunaninka ba na mahaukata ba ne, girmansa ne na mahaukata. Masu jiragen Mopti a ƙasar Mali sun daɗe suna ɗaga filafilin buhu a kan Kwara in iska ta biyo bayansu, su sauke in ta juya, ba wanda ya yi odar komai daga Ingila. Buhun taki mai cin kilo 50, in an farke shi, yakan ba da kusan murabba'in mita ɗaya. Kwalekwale irin naka rabin girman na Legas ma ya yi masa yawa, buhu biyar ko shida sun wadatar, a yi shi gajere, a ɗaure da ƙullin da ja ɗaya ke kwance shi. Manoman shinkafar Bakura suna da buhunan birjik bayan sun zuba taki. Mai ɗinkin tamfol a kasuwar Mafara zai haɗa maka kafin la'asar. E, rana za ta rududduge shi cikin 'yan watanni. Sai ka sake wani. Ko sau biyu kake sakewa a shekara, har jikokinka su gaji jirgin ba ku kashe kuɗin na Bature ɗaya ba. Illarsa guda ce: mutanen gaɓa za su riƙa karanta NPK a saman kanka. Ni ban ga aibu ba, dama kana bukatar abin da zai sa ka girma.

Abin da zan saya maka da kuɗina, ba don ka isa ba sai don gwaggo, rigar ceto ce. Ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ka tuna Gummi a watan Satumban 2024, da kwalekwale ya kife da manoma suna hanyar gona, gomman mutane suka tafi. Kai kuma iyonka na sani, a kududdufin bayan gidanmu ka koye shi, ruwa iya gwiwa, kuma ko a nan sai da na jawo ka da wuyan riga. Guda biyu zan sayo, ɗaya taka, ɗaya ta yaron da kake ɗora wa kwarfar ruwa. Sharaɗin shi ne a jiki ake sa ta, ba matashin kai ba ce, ba kuma a rufe tarwaɗa da ita don kada rana ta taɓa.

Ka shigo Mafara ranar Talata da buhunanka, wankakku, kada mai ɗinki ya kore mu. Ka taho da karfasa mai kyau, ba irin waccan da ka kawo da sallah ba, wadda kyanwa ta sansana ta fita. Ranar gwaji kuwa kada ka saka ni a lissafin fasinjoji, daga tudu zan yi kallo. Na dai aika wa 'yan uwa na Bakura su riƙa duba gulbi, in sun ga taki na tahowa a tsaye da mutum a ƙarƙashinsa yana kiran sunana, su tare, namu ne.