Aljanin Ƙarfe Tara

A shekarar 2004 ina ƙaramin akawu a ofishin wani furoje na noma a Agye, garin da ke bakin kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram. Dukiyarmu a ofishin kwamfuta ɗaya ce, da layin tarho ɗaya, da wani ɗan akwati mai fitilu da ake ce wa modem. Yaran yau da suka buɗi ido da salula ba su san shi ba. Aikinsa ya mai da rubutu ya koma ƙara, ya tura ta cikin wayar tarho. Idan zai kama layi sai ya yi ta tsiwa kamar zabuwa ta ga shaho. A jikin kwalinsa an rubuta 56k, amma ran da ya ba mu rabin haka sai mu yi hamdala.

Da dare, idan kowa ya watse, nakan dawo da sunan ƙarasa rahoto. Rahoton kuwa dam ne, darar Turawa, da nake bugawa a Yahoo da wani mutumin Kanada. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na san mugun ɗan wasa ne.

Sai ga masifa. Kullum wajen ƙarfe tara, wasa ya ɗau zafi, sai fitilun su mutu, layi ya tsinke. Kafin zabuwata ta sake kamawa, an rubuta mini faɗuwa. Ran nan Bakanaden ya rubuto da Faransanci cewa shi bai taɓa ganin matsoraci irina ba, da na ga uwar bari sai in tsere. Ni, jikan Katsinawan Maraɗi!

Na shiga neman magani. Na sake igiya. Na hure ƙurar hunturu daga kowane rami. Ran Asabar na ɗauki modem ɗin a buhu, na wuce Maraɗi har Gidan Rumji, wajen wani abokina da ke gyaran rediyo, wanda duk abin da ke da waya yake ɗauka ƙanen rediyo ne. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce zafi ne ya yi masa yawa. Daga ranar na riƙa ɗora shi a kan jiƙaƙƙen buhu kusa da randa, ina yi masa fifita kamar ango. Ƙarfe tara na yi, ya mutu a cikin sanyinsa.

Wani direba ɗan Gazawa ya ce ai reshen gawo ne ke gogar wayar a bayan ofis idan iskar dare ta taso. Wannan ta shige ni, don ƙaramar hayaniya a layi takan rikita modem. Na ari gatari na hau. Wanda bai san ƙasar Agye ba, to a nan gawo ɗan gata ne: manoma na renonsa a gona saboda takin ganyensa, doka kuma ta hana sara. Ina saukowa, riga a yage, ƙaya har a inda ba a faɗa, na tarar da ɗan gandun daji tsaye a gindi yana jirana da takarda. Tarar da na biya ta fi kuɗin modem ɗin. Daren nan ma, tara na yi, ɗif.

Abin da na manta shi ne layin nan kai biyu gare shi. Akwai wani tsohon kan tarho a zauren ofis, kusa da tabarmar maigadi. Ran wata Laraba, layi na tsinkewa na fito a fusace in sha iska, sai na ga maigadin a tsugune, ya kanga kan tarhon a bakinsa yana tofi.

"Baba, me kake yi haka?"

"Yi shiru, Mushe, suna ciki," in ji shi. "Sati uku ke nan. Na ɗaga wata rana in share ƙura na ji kukansu. Amma da na yi musu addu'a sai su yi tsit. Ka saurara ka ji."

Ya miƙo mini. Tsit kuwa, don ya riga ya kashe mini wasa. Har laya ya ɗaura wa igiyar, ya ce jika guda ya biya daga aljihunsa, kuma bai gaya mini ba ne don kada in tsorata in bar aikin dare.

Na yi masa godiya, na biya shi jikarsa, na zare kan tarhon na kulle a durowa. Washegari layi bai motsa ba har sha ɗaya. Bakanaden ya cinye ni sau bakwai a jere, ya rubuto yana yaba mini da na daina gudu. Ana cikin na takwas, ina da 'ya'ya biyu yana da tara, na tashi a hankali na buɗe durowa, na leƙa zaure.

"Baba, ina jin sun dawo."