Jikan Gurmi a Cikin Kwamfuta

Nashbil, Amurka.

Zuwa ga taubashina kuma bawana,

Ka gaishe min da Gwaggo, kuma ka durƙusa har ƙasa, ban da gaisuwar tsayen nan taka.

Labari ya iske ni wai kana zaune tashar Dogon Daji kana tare motocin Jega kana shela cewa na zama maroƙi a Amurka. To buɗe kunne ka ƙaru. Haɗa kiɗa nake a sutudiyo da FL Studio, manhajar da yaran Kano ke buga kiɗan fina-finai da ita. Kwanan baya aka kawo min aikin talla, aka ce lalle sai da banjo, abin kiɗan mutanen karkarar nan mai tsirkiya biyar. Na sayi ƙaramar manhajarsa na jona, na taɓa fiyano, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Gurmi na ji!

Ashe dangi ne. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka fara harhaɗa banjo a tsibiran Karebiyan tun wajen shekarun 1600, da ƙwarya da fata da sanda. Masana sun fi danganta shi da akontin na Jolawan Gambiya da Senegal, har wani gwanin banjo, Béla Fleck, ya ɗauki nasa ya kai ziyara Gambiya da Mali a 2005. Ni da wasa nake kiranka bawa. Waɗancan bayin Allah bautar gaske suka sha, aka raba su da kowa nasu, amma ba a raba su da kiɗan gida ba.

Yadda ake cusa banjo cikin kwamfuta kuwa aikin haƙuri ne. Makaɗi ake zaunarwa ya taɓa kowace tsirkiya a kowane gurbi, a hankali, da ƙarfi, ya maimaita, har ƙarar zamewar yatsa ana naɗewa. In na danna maɓalli, manhajar ta zaɓo ɗaya, in na sake ta zaɓo wani. Amma in ka jera bugun daidai wa daida, keken ɗinki za ka ji. Sai na riƙa jinkirta wannan, in sassauta wancan, kafin ya yi kama da hannun mutum.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne na duba rumbun sutudiyonmu kaf, ga sita ta Indiya, ga kora, babu gurmi, babu garaya, babu kuntigin Ɗanmaraya Jos. Nan aikinka ya zo.

Ka hau babur ka je Kebbe wurin tsohon nan mai gurmi da ya yi mana kiɗa ranar bikinka. Ka faɗa masa gaskiyar abin da za a yi da kiɗansa, in ya yarda ka biya shi da daraja. Na turo kuɗin, na shararka na bana na ciki, kada ka haɗa ka lanƙwame. Ku shiga ɗakin ƙasa da dare, a kashe janareta, a kore awaki, ka aro waya mai kirki. Kai kuma don Allah ka rufe baki, ko amshi kada ka yi, muryarka ba ta cikin kwangila.

Ubangidanka, ko ka so ko ka ƙi.