Masu Fatsar Michigan da Kifin da Ya Ƙi Ciyuwa

A 1966 jihar Michigan ta Amurka ta zuba 'ya'yan kifin salmon nau'in coho a kogin Platte, bisa shawarar wani masanin kifi, Howard Tanner. Shekara ta zagayo aka ƙara da babban yayansa, chinook. An kawo su daga gaɓar tekun Pasifik don su cinye wani ƙaramin kifi, alewife, da ya cika Tafkin Michigan har mushensa na toshe bakin ruwa. Dabara ta ci. Sai dai ta haifi wata al'umma: masu fatsar nishaɗi, waɗanda kowace kaka suke cika kogin Manistee da na Pere Marquette, kafaɗa da kafaɗa.

Ga inda gizo ke saƙa. Salmon ɗin nan, da zarar ya bar tafki ya hau kogi don yin ƙwai a Satumba da Oktoba, ya daina cin abinci. Kitsen jikinsa yake ƙonawa. Jan namansa ya koma fata da ƙwai, jikin ya yi duhu, tsokar ta koɗe ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Yana gama ƙwai sai mutuwa. Wanda ya kai irin wannan gida ya kai rigima, kuma a nan ake gane halin kowa.

Na farko shi ne Mai Musu. An soya, ƙarni ya kori yara daga kicin, amma shi yana taunawa da murmushin dole. "Ai haka kifin gaskiya yake," in ji shi, "ku na kanti ya lalata muku baki." Idan ka lura, loma uku yake yi ya tuna yana da waya mai muhimmanci.

Sai Sarkin Banda. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: a jiƙa a ruwan gishiri da jan sukari ya kwana, a shanya, a yi masa hayaƙin itacen tuffa. Wannan yana da rabin gaskiya, domin gishiri na tsane ruwan tsoka ya ɗan ƙarfafa ta, hayaƙi kuma na rufa asiri. Matsalar ita ce ya yi imani hayaƙi na ta da matacce. Kifin da fatarsa ta fara fari-fari tana saɓulewa ma, sai ya duba ya ce, "Wannan na banda ne."

Bokan Kicin shi ne na uku. Madara, lemun tsami, tafarnuwa, citta, kowane mako da sabon sirri da wai ya gada daga kakarsa. Madara na rage ƙarni, ba a musu, kuma yanke kitsen nan mai duhu da ke ƙarƙashin fata na rage ɗaci. Amma kitsen da kifi ya ƙone a hanyar kogi babu madarar da za ta maido shi. A ƙarshe yakan dagargaza naman da ƙwai da garin burodi da albasa, ya soya, ya yi shelar nasara. Albasar ce ake yabo.

Akwai Mai Hoto, wanda shi ne ya ɓata kifinsa da hannunsa. Ya yi sa'a ya kama mai kyau, fari tas, sabon shigowa daga tafki. Maimakon ya yanka shi a maƙogwaro jini ya tsiyaye, ya cire kayan ciki, ya binne shi a ƙanƙara, sai ya ɗaga shi sama. Hoto ta dama, hoto ta hagu, a tura Facebook, a jira yabo. Daga nan kifi ya sha zafin bayan mota har gida. Da dare ya ɗanɗana ya yatsine fuska, ya ce kifin bana ba shi da daɗi.

Kusa da shi Mai Ɗora Laifi yake zama. Laifi tudu ne, shi kuwa ya iya hangen na nesa: masana'antu, gwamnati, ruwan tafki. Gaskiya ne hukumar lafiya ta jihar na gargaɗi kan gubar PCB da ke taruwa a kitsen manyan kifaye, tana ba da shawarar a cire fata da kitse, a kuma taƙaita ci. Amma gubar nan harshe ba ya jin ta. Abin da harshensa ya ji shi ne ƙanƙarar da ya ƙi saye.

Mai Kyauta ya fi kowa haɗari. Duk shekara ba ya ba ka ko allura, amma Oktoba na kamawa sai ga shi a ƙofarka da leda mai nauyi. "Maƙwabci, na tuna da kai da iyali." Kai ma ka yi godiya, ka tuna da naka maƙwabcin. Kifi ɗaya kan zaga layi guda kafin magariba, kowa ya sami ladan kyauta, ba wanda ya kunna wuta.

Ɗan'uwansa Mai Firiza ba ya iya zubarwa, ba ya iya ci. Sai ya nannaɗe ya tura can ƙasa, wai sai an yi baƙi. Kitsen kifi kuwa ko a daskare yana ci gaba da lalacewa a hankali. Kaka mai zuwa ya tono shi, ya binne a gindin tumatir, don ya sami wurin ajiye sabo.

Na ƙarshe shi ne Tsohon Hannu, wanda ba ka cika ganinsa a cunkoson kogi ba. Nasa na ci a Yuli da Agusta yake kamawa, can tsakiyar tafki a jirgi, lokacin da kifi ke ƙoshe yana sheƙi. Wuƙa da ƙanƙara na gefensa, domin tun ran gini tun ran zane. Idan ya leƙa kogi a kaka ya kama mai duhu, sai ya zare ƙugiya ya sake shi ya je ya gama aikin da ya kawo shi. Sauran bakwai ɗin duk sun yarda shi ya fi su sani, shi ya sa ba sa tambayarsa komai. Mai Kyauta ne kaɗai ke zuwa gidansa, kuma da leda yake zuwa.